Gidajen Hayar Baƙi a Hamadar Kalifoniya: A Hannun Wa Ribar Take?



An ɗora mini yin magana kan zuba jari a gidajen da ake ba masu zuwa hutu haya ta 'yan kwanaki a garuruwan hamada. Na zaɓi kwarin Coachella da ke kudancin jihar Kalifoniya, inda garin Palm Springs yake, domin a can sana'ar ta bunƙasa, a can kuma rauninta ya fito fili. Hujjata guda ce: ribar irin wannan gida ta fi rataya a wuyan maƙwabta da majalisar gari fiye da mai gidan, kuma wanda bai sa wannan a lissafi ba ya yi cinikin biri a sama.

Kakar baƙi gajera ce. Daga Janairu zuwa Afrilu masu gudun sanyi daga Kanada da arewacin Amurka suke cika kwarin. A Maris ana gasar tanis ta Indian Wells, a Afrilu kuma bikin kaɗe-kaɗe na Coachella a garin Indio, wanda aka fara a 1999. Daga nan sai zafi ya kankama. Ranar 5 ga Yuli 2024 zafin Palm Springs ya kai kusan digiri 51 a ma'aunin Salshiyas. A watannin zafi baƙi suna raguwa, kuɗin haya yana sauka, amma na'urar sanyaya ɗaki da tafkin ninkaya da inshora da kamfanin da ke kula da gidan duk suna nan suna cin kuɗi. Watanni huɗu ne suke ɗauke da nauyin shekara, kamar yadda damina ɗaya take ciyar da gidan manomi.

Wannan haɗarin ana iya lissafa shi da alƙalami. Wanda ba ya lissafuwa shi ne doka. A 2017 majalisar Palm Springs ta taƙaita sabon mai nema ga izini ɗaya, ta kuma ƙayyade sau nawa za a ba da gida haya a shekara. A Nuwamba 2022 ta ƙara matsawa: gidajen baƙi ba za su wuce kashi 20 cikin ɗari na gidajen kowace unguwa ba, sabon izini kuma haya 26 kawai yake bayarwa a shekara. Abin da ya fi muhimmanci, izinin ba ya bin gida idan an sayar. Mutum zai ga littafin cinikin mai gida na shekaru uku, ya yi sha'awa, ya biya, sa'an nan ya tarar unguwar ta cika ƙa'ida, sai ya shiga layi. Maƙwabtan garuruwa sun fi tsanani: a Maris 2021 masu zaɓe a Cathedral City suka amince a kawo ƙarshen sana'ar a yawancin unguwannin zama, Rancho Mirage kuma ta haramta ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kwana a gidan da ke jikin bango yana jin hayaniyar dare, ma'aikacin otal da malamin makaranta suna ganin gidajen zama suna ƙarewa, kuma su ne masu ƙuri'a. Mai jari da ke zaune a Los Angeles, balle wata ƙasa, ba shi da ita.

Za a ce mini ai mutanen Palm Springs sun riga sun yanke hukunci, tunda a Yuni 2018 kusan kashi 70 cikin ɗari suka ƙi shawarar hana sana'ar, kuma gari yana karɓar harajin kwana na kashi 11.5 cikin ɗari, ba zai toshe wa kansa hanyar abinci ba. Wannan magana tana da nauyi, ina kuma ganin da wuya garin ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai dai a lura cewa ƙa'idar 2022 ta zo ne bayan wannan nasarar, shekara huɗu kacal. Ba sai an hana ba kafin a karya mai jari. Rage masa haya shida a tsakiyar kaka ya isa ya cinye ribarsa, alhali asusun gari da ƙyar zai ji.

Za a kuma ce ko haya ta gaza, gidan yana ƙara daraja. Nan ma akwai abin dubawa. Waɗanda suka saya a 2021 sun sami rancen gida da ruwan da bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. A ƙarshen 2023 ya haura 7, masu saye suka janye. Wanda ya guji kuɗin ruwa saboda addini ya tsira daga wannan, amma ya ɗaure dukiyarsa duka a wuri ɗaya. Ga kuma wani abu da mai saye kan manta: gidaje da yawa a Palm Springs suna kan ƙasar ƙabilar Agua Caliente ta mutanen Cahuilla, wadda aka tsara fili-fili tun 1876, kuma tun 1959 doka ta yarda a ba da ita haya har shekara 99. Mai saye ya mallaki gini, yana biyan hayar fili, kuma yayin da wa'adin ke ƙaratowa banki yakan ja baya da ba mai saye na gaba rance.

Ban ce kada a shiga ba. Akwai rukunin gidaje da aka gina tun asali domin baƙi, inda babu maƙwabcin da ake hana wa barci, kuma nan jari ya fi kwanciya. A unguwar zama kuwa, mai saye ya tambayi ofishin gari ko za a ba shi izini da sunansa kafin ya sa hannu, ya duba shekarun da suka rage wa hayar fili, sa'an nan ya yi lissafin gidan a kan hayar shekara da ma'aikacin garin zai iya biya. Idan wannan ta biya haraji da inshora da gyara, abin da kakar baƙi ta kawo ƙari ne. Idan ba ta biya ba, farashin ya yi tsada, ya rage tayi.