Jawabi kan ruwan gonakin rani a Garou



Da yawa cikinmu sun samu aikin ƙwadago a gonakin shinkafa da albasa na bakin kogin Neja, daga nan Garou har Malanville. Alhamdu lillahi, abinci ne. Amma ruwan da ke kwance a magudanai yana ɗauke da ciwo.

Babba shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa, ta huda fata lokacin wanka ko wanki ko dashen shinkafa, ko ba a sha ruwan ba. Muna jin ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, iyaye. Ciwo ne, yana ƙarar da jini, yana lalata mafitsara, kuma 'yan mata ma yana kama su, kunya ce ke hana su faɗa. Maganinsa Praziquantel, a kai yaro likita. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa ya zuba ƙwai ga na baya, don haka a yi amfani da masai. Ruwan wanka in na magudana ne, a bar shi kwana 2 a rufe.

Sauro ma a nan yake hayayyafa, mu kwana cikin sange ko da rani.

Sai jarkar maganin feshi: wanki ba ya fitar da gubar, kada a zuba ruwan sha ciki. In mai gona ya sa yaro feshi, a zo ofishin kariya a gaya mana, za mu riƙe sirri.