Cinikin ƙasashe: yadda Masar ta karɓo Sina'i

 

Yau hirarmu a kan ciniki ce. Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwa ya san yadda ake yi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. Dillali ya ja wannan gefe, ya ja wancan gefe, har a kai ga sallama. To, ƙasashen duniya ma haka suke yi. Sai dai su, ƙasa da rayukan mutane suke sa wa ciniki. Ga misali guda.

A yaƙin 1967 Isra'ila ta ƙwace wani babban yanki na Masar, sunansa Sina'i. A 1973 aka sake gwabzawa, mutane da yawa suka mutu, amma yawancin yankin yana hannun Isra'ila. Shugaban Masar Anwar Sadat ya ga bindiga ba ta gama aikin ba. A watan Nuwamba na 1977 ya tafi Birnin Ƙudus da kansa. Wannan shi ne tayin farko.

A watan Satumba na 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya zama dillali. Ya kira Sadat da faraministan Isra'ila Menahem Begin wani wuri cikin duwatsu, ana ce masa Kam Debid. Kwana 13 suka yi. Tun kwanakin farko murya ta yi sama. Sai Carter ya raba su, kowa da ɗakinsa. Ya rubuta takarda guda, yana kai wa wannan ya gyara, ya kai wa wancan ya gyara. Sau 23 aka sake rubuta ta. Har wata rana Sadat ya ɗaure kayansa zai tafi, Carter ya lallashe shi ya zauna.

Me ya warware ƙullin? An gano abin da kowa yake so a zuciyarsa. Masar ƙasarta take so, ko taki ɗaya ba za ta bari ba. Isra'ila kuwa tsoro take ji, kada tankokin yaƙi su zo bakin iyakarta. Sai aka ce Sina'i duka na Masar ne, amma za a taƙaita sojojin da za ta ajiye a can. Kun ga kowa ya samu abin da ya fi damunsa. A kasuwarmu dillali ake ba la'ada. A nan dillali ne ya biya, don Amurka ta ci gaba da ba ƙasashen biyu taimako mai yawa kowace shekara.

Ran 26 ga Maris 1979 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. A watan Afrilu na 1982 Isra'ila ta janye daga Sina'i, sai ɗan wurin da ake kira Taba, shi ma ya koma a 1989.

To, ƴan'uwa, ku saurara da kyau. Wanda ya yi ciniki da sunan jama'a, ciniki biyu gare shi: na kasuwa da na gida. Sau da yawa na gida ya fi wuya.

Begin ya kai maganar majalisar ƙasarsa. Wakilai 84 suka yarda, 19 suka ƙi. Wasu mutanensa da suka gina gidaje a garin Yamit, cikin Sina'i, sai da soja suka fitar da su.

Na Sadat ya fi tsanani. Ministansa na harkokin waje ya ajiye aiki tun suna Kam Debid. Falasɗinawa ba su zauna wurin cinikin ba. An rubuta masu alkawarin mulkin kansu da kalmomi marasa ƙarfi, kuma wannan takarda ba ta cika shi ba. Ƙasashen Larabawa suka ce Sadat ya karɓi nasa ya bar ƴan'uwa a rana. A 1979 suka dakatar da Masar daga ƙungiyarsu, suka ɗauke cibiyarta daga Alƙahira zuwa Tunis. Sai 1989 Masar ta koma. A gida ma ƙorafi ya yawaita. A Satumba 1981 Sadat ya sa aka kama mutum fiye da 1,500. Ran 6 ga Oktoba 1981, yana kallon faretin soja, wasu sojoji suka harbe shi har lahira.

Duk da haka, tun daga lokacin Masar da Isra'ila ba su sake yaƙi ba. Maganar Falasɗinawa kuwa har yau ba a gama ta ba.

Ga tambaya ku tattauna in kun taru. In ƙungiyarku ta aiki wakili ya yi cinikin gyaɗa ko albasa da sunanku, me zai iya sallamawa shi kaɗai? Me ya kamata ya dawo ya tambaye ku tukuna? Wa kuma aka manta ba a kira ba, alhali yana da haƙƙi a kayan?

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.