Gawon Gona da Dajin da Ya Rage: Abin da Ke Gabanmu a Matamaye



Duniya ta san Matamaye ta dalilin gawo. A 2006, masana Larwanou da Abdoulaye da Reij suka binciki Magarya, Matamaye da Mirya, suka tarar manoma sun raya itatuwa a gonakin da suka kai hekta miliyan ɗaya, ba da dashe ba, sai da barin tohon da ya fito da kansa. Wannan sassaben zamani ne ya ba Nijar itatuwa kusan miliyan 200. Dattawa kuwa sun san ba baƙon abu ba ne, domin tun zamanin Sarki Tanimun saran gawo babban laifi ne a Damagaram. Dokar Turawa ta 1935 da ta Nijar ta 1974 ne suka mai da itace na gwamnati, manomi ya daina kula da abin da ba nasa ba. Dokar 30 ga Yuli 2020 ta mayar masa da haƙƙinsa.

Sai dai yabon nan yana rufe mana ido. Gona mai gawo hamsin gona ce, ba daji ba. Gawo na kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya takinta ƙasa, ya ciyar da bisashe da rani, shi ya sa manomi ke son sa. To, kirya fa? Marke da kanya fa, da saiwoyin da masu magani ke tafiya mai nisa kafin su samu? Itacen da ba ya jituwa da gero ba shi da mai kare shi a gona. A daji kawai yake tsira, a nan iri yake, a nan zuma da tsuntsaye ke fakewa, nan ne kuma makiyayi ke kai garkensa idan shuka ta rufe ko'ina.

Irin wannan daji ne ke ƙarewa a duniya. Hukumar FAO ta ce an rasa hekta miliyan 420 daga 1990 zuwa 2020. Binciken Potapov da abokansa na 2017 ya nuna manyan dazuzzukan da hanya ko gona ba su ratsa ba sun ragu da kashi 7.2 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2013. Kada mu ce ina ruwanmu da Amazon ko Kongo. Ɗumamar da ƙona su ke ƙarawa, a kan geronmu take sauka.

Namu rabon kaɗan ne: gandun dajin Takeita a maƙwabtanmu, Baban Rafi a Maradi, sai 'yan kurmin da ke bakin Korama, waɗanda lambunan rake ke ci shekara-shekara. Ba na ganin laifin mai lambu, yana da bakunan ciyarwa. Amma filin da babu wanda ya shata iyakarsa, gona zai koma.

Don haka ina roƙon magadan gari da sarakunanmu su zauna da hukumomin filaye, a zagaya ƙauye-ƙauye a rubuta kowane kurmi, makiyaya da burtali da suka rage, a kafa musu alama. Kula da su a danƙa wa mutanen wurin, a sa makiyaya da mata masu itacen girki cikin masu yanke shawara, kuma kuɗin tara da na izinin sara su riƙa komawa ga gyaran dajin da aka sara.