Gado da Cima: Abin da Ya Kamata Ɗalibi da Ma'aikaci Su Sani



Idan aka ce wane ya kamu da ciwon sukari ko hawan jini, abin da muka saba ji shi ne, "Ai gado ne, haka mahaifinsa ya yi ta fama." Da an faɗi haka sai kowa ya yi shiru, kamar magana ta ƙare. To, gado gaskiya ne, amma a yammacin nan ina so in nuna muku cewa abin da muke ci da irin zaman da muke yi suna da hannu a kan yadda gadon nan ke aiki, tun daga cikin uwa har tsufa.

An gina jikin mutum da ƙananan tantani, kusan kowannensu yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Waɗanda ke cikin tantanin hanta su ne dai ke cikin na ido, amma hanta ba ta gani, domin kowane tantani yakan buɗe wasu ya kulle wasu. Ɗaya daga cikin makullan wani ɗan sinadari ne mai suna metil, wanda ke manne wa DNA. Ba ya sauya rubutun gadon, sai dai ya hana a karanta shi. Jiki kuwa yana samar da wannan makulli ne da taimakon abinci: folet na wake da alayyafo, da bitamin B12 na nama da kifi da ƙwai da nono.

A shekarar 2003, Robert Waterland da Randy Jirtle na Jami'ar Duke a Amurka sun gwada wannan a kan wasu ɓeraye masu ƙwayar gado da ke sa su zama rawaya, masu ƙiba da saurin kamuwa da ciwon sukari. Da aka ƙara wa iyaye mata irin waɗannan sinadarai a abinci, sai da yawa daga cikin 'ya'yan suka fito ruwan ƙasa. Ƙwayar tana nan a jikinsu, cimar uwa ce ta kulle ta.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. To, bari mu dubi mutane. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945, sojojin Jamus sun tsare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Rabon mutum a yini ya kasa kalori 1,000, har jama'a suka koma cin saiwar furannin ƙawa, kimanin mutum 20,000 suka rasu. Yunwar ta wuce, amma 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a lokacin, da suka manyanta, sun fi tsararrakinsu yawan ƙiba da ciwon zuciya. A 2008, watau bayan fiye da shekara 60, aka auna jininsu, aka tarar metil ɗin da ke kan wata ƙwayar girma mai suna IGF2 bai kai na 'yan'uwansu ciki ɗaya da ba su gamu da yunwar ba.

Kada mu ɗauka sai yaƙi ke kawo haka. A ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, inda rumbu kan yi ƙasa da damina kamar yadda yake yi a namu ƙauyukan, binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa makullan wasu ƙwayoyin gado sun bambanta tsakanin jariran da aka ɗauki cikinsu da damina da na rani, gwargwadon sinadaran da ke jinin uwa.

A nan ne maganar ta shafe mu. A 1992 wasu likitoci biyu na Ingila, Nicholas Hales da David Barker, sun kawo bayanin cewa jaririn da ya sha ƙarancin abinci a ciki, jikinsa kan shirya wa zaman tsimi. Idan daga baya ya faɗa cikin yalwa, wannan shiri sai ya zame masa cuta. Jama'a, mu dubi kanmu. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, mun tashi da tuwon gero da tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Da zarar albashi ya fara shiga, sai farar shinkafa da burodi da lemon kwalba, shayi da sukari cokali uku, daga mota sai kujerar ofis. Har tumbi ma mun mai da shi shaidar samun wuri.

Alhamdu lillahi, ƙofa ba ta rufe ba. A 2012 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun ga cewa motsa jiki mai ƙarfi, ko da sau ɗaya, yana rage metil a kan ƙwayoyin tsoka masu ƙona sukari da kitse. Har wa yau, wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da ciwon sukari, da aka sa su rage nauyi kaɗan da yin tafiyar sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba magani kuwa, kashi 31 ne.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko, kada takardar digiri ta raba mu da wake da dawa da gero da miyar ganye, kuma mu riƙa taka ƙasa kullum. Wanda akwai ciwon a gidansu, ya riƙa zuwa awon jini tun yana jin kansa garau. Na biyu, mu da za mu yi aure gobe, da mu da za mu zauna a ma'aikatun lafiya da na gona, mu san cewa cimar mace tun kafin ta ɗauki ciki tana cikin abin da ke shata lafiyar ɗanta shekara 50 nan gaba. Al'adar nan ta a zuba wa maigida tsokar nama, mai ciki ta ƙare da romo, ya kamata mu sake dubanta. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya ba mu lafiya mai amfani.