Numfashin Dabba da Cututtukan Hanci

Likitan dabbobi yakan fara duba numfashi ne daga nesa, tun kafin ya taɓa dabba, domin da zarar an kama ta tsoro zai sauya numfashinta. Yakan tsaya ta gefe, ya sa ido a kwiɓi, ya ƙidaya sau nawa yake tashi yana sauka cikin minti guda. Lafiyayyen doki, in yana hutawa, yakan yi numfashi sau 8 zuwa 16, saniya kuwa 10 zuwa 30. Zafin rana da doguwar tafiya da tsohon ciki duk suna ƙara adadin, shi ya sa ba a yanke hukunci kan dabbar da shigowarta ke nan daga kiwo.

Yanayin numfashin ya fi adadinsa nuna inda ciwo yake. Idan wajen jan iska ne dabba take shan wuya, har ana jin ƙara kamar minshari, to toshewar tana sama, a hanci ko maƙogwaro. Idan kuwa fitar da iskar ce ta gagara, matsalar tana can cikin huhu. Dokin da ya daɗe yana shaƙar ƙurar harawa yakan matse iska waje da tsokar ciki, har wani layi ya fito masa a gefen ciki. Hakin kare a tsakar rana ba ciwo ba ne, zafi yake ragewa. Doki kuwa ba ya iya numfashi ta baki saboda tsawon gandarsa, don haka toshewar hanci a gare shi babban haɗari ce.

Makiyaya sun san tsayuwar saniyar da ciwon huhu ya kama: ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, tana nishi duk fitar numfashi, ba ta son motsi don haƙarƙarinta na ciwo. Cutar tana yaɗuwa ta tari inda garkuna suka haɗu, a mashaya ko a kara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafinta, kuma rigakafin ya fi magani amfani ƙwarai, domin wadda ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar.

Majina ma tana da abin lura. Mai fitowa ta kafar hanci ɗaya takan nuna ciwon yana cikin hancin ne, ko a tushen haƙorin sama da ya ruɓe, musamman in tana wari. Mai fitowa ta duka biyun takan taso ne daga maƙogwaro ko huhu, ko daga cutar da ta game jiki.

A tumaki, akwai wani ƙuda da ke zuba 'yan tsutsotsi masu rai a bakin hanci. Su rarrafa ciki su girma, tunkiya ta yi ta atishawa tana girgiza kai. In ƙudan yana shawagi, sai a ga tumakin sun cure wuri guda, sun kafa hanci a ƙasa, sun bar kiwo. Allurar ivermectin tana kashe tsutsar. Abin da bai kamata a ruɗa da wannan ba shi ne cutar PPR, wadda aka fara bayaninta a Kwaddibuwa a 1942. Ita takan zo da zazzaɓi, da gyambon baki, da zawo, majinar ta yi kauri ta bushe har ta liƙe hanci. Tunkiya ko akuyar da aka ga haka a jikinta sai a ware ta nan take, a goge mata hanci da tsumma da ruwan ɗumi, a kira likita ya duba sauran garken.