Hannuwan Uwa Sukan Gaji

Karatu: Fitowa 17:8-13

A karatunmu na yau Isra'ilawa suna yaƙi da Amalekawa a Refidim. Muddin hannuwan Musa suna sama, Isra'ila ke rinjaye. Amma hannuwan suka gaji. Haruna da Hur ba su zarge shi da rashin bangaskiya ba. Dutse suka kawo ya zauna, suka tallafe hannuwansa har rana ta faɗi.

A gidajenmu akwai uwayen da hannuwansu suka gaji haka, domin suna renon ciki da 'ya'ya cikin doguwar rashin lafiya. Yau za mu ɗauki wata cuta da likitoci ke kira sakoyidosis. Ƙananan kulluttai ne ke fitowa cikin jiki. Wajen 9 cikin 10 na masu ita, a huhu take kama su, amma takan taɓa fata, ido, har da zuciya. Tana kawo busasshen tari, haki da kasala mai tsanani. A hoton ƙirji tana kama da tarin tibi, shi ya sa wani lokaci akan ɗauke ta tibi ce. Amma ba a ɗaukarta ta tari, ko kwano, ko nono. Kada a ware wa mai ita ƙoƙon sha, kada a raba ta da jaririnta. Ba maita ba ce, ba kuwa hukunci ba ne. A Yohanna sura 9 Yesu ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa.

'Yar'uwa, in kina da wannan cuta, ki sani mata da yawa irinki sun haihu lafiya. Amma ke da maigidanki ku ga likita tun kafin ciki ya shiga, a duba huhu da zuciya, gama in sun lalace sosai ciki yana da haɗari. Maganin methotrexate yana cutar da ɗan tayi, dole a daina shi watanni kafin ɗaukar ciki. Prednisolone kuwa likita yana iya barinki a kansa, kada ki yanke shi farat ɗaya, ko da wani ya ce an yi miki addu'a kin warke. Ki faɗa wa masu awon ciki sunan cutar kafin ki sha ƙwayar kalsiyam ko bitamin D, domin cutar takan sa kalsiyam ya yi yawa a jini. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

Ga abin da muke so ikkilisiya ta riƙe. Sau da yawa cutar takan lafa lokacin ciki, ta sake tashi wata 3 zuwa 6 bayan haihuwa. Ku duba, lokacin nan an gama suna, an yi arba'in, kaka ta koma ƙauye, masu barka sun daina zuwa. Daidai lokacin da hannuwan uwa suka fi nauyi, ba mai riƙewa.

Maigida, kai ne Haruna. Ɗebo ruwa, ka tashi da dare in jariri ya yi kuka, ka nisanta ta da hayaƙin murhu. In ta ce ta gaji, ba ƙyuya ba ce. Zumuntar mata, ku ne Hur. Ku raba kwanaki: wannan ta yi wanki, waccan ta kai yara makaranta. Manyan yara kuma a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a cire 'ya mace daga makaranta domin jinya.

Ke kuma uwa, Musa bai ji kunyar zama a kan dutse ba. Karɓi taimako, gama daga Ubangiji yake.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ƙarfafa kowace uwa mai fama da ciwo, ka ba likitoci hikima, ka mai da mu masu riƙe hannuwan da suka gaji. Cikin sunan Yesu. Amin.