Alkawarin Faris da Kwarin Gombe

(Jawabin da aka yi a Gombe, a taron 'yan'uwa mazauna Kudu da suka zo gida yin Sallah)

 

An nemi in yi bayani a kan alkawarin da Nijeriya ta ɗauka a gaban duniya game da canjin yanayi. Alkawari kuwa kaya ne, don haka ya kyautu mu san nauyin abin da aka ɗaukar mana.

A cikin 2015 ƙasashen duniya suka taru a Faris, suka yarda za su rage hayaƙin man fetur da kwal da gas, watau hayaƙin da ke tare zafi a sararin sama har duniya ta yi ta ɗumi. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a 2016. Nijeriya ta ce kafin 2030 za ta rage kashi 20 cikin 100 da ƙarfin aljihunta, in kuwa an agaza mata da kuɗi da na'urori, kashi 45, wanda aka ɗaga zuwa 47 a 2021. A lura, ragin nan daga hayaƙin da aka ƙiyasta za mu fitar ne in an bar al'amura yadda suke. A 2021 ɗin dai, a taron Gilasgo, Shugaban ya ƙara da cewa zuwa 2060 hayaƙin da za mu fitar ba zai wuce wanda za a iya shanyewa ba, ya kuma sa hannu a kan dokar canjin yanayi a watan Nuwamba.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Yana da hujja. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan ba. Manyan ƙasashen da suka ɓata sama sun yi alkawari tun 2009 za su riƙa ba da dala miliyan dubu 100 kowace shekara daga 2020, amma sai 2022 suka cika. To, sai dai ruwan sama ba ya tambayar hayaƙin wane ne kafin ya rushe katanga.

Ku dubi garin nan. Gombe a cikin kwari take, tuddai sun kewaye ta, ƙasarta kuwa rairayi ce. Dattawa ba su manta ambaliyar watan Agusta 2004 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje. Ba duka laifin yanayi ba ne, mu ma mun sare itatuwan da ke bisa tudu, mun yi gini a kan hanyar ruwa. Amma idan ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako guda ya zubo dare ɗaya a kan ƙasar da ba saiwar da za ta riƙe ta, kwazazzabo ne ke biyo baya. Da rancen Bankin Duniya aka gyara wanda ke cin harabar Jami'ar Jiha. Rance kuwa, kun fi ni sani, biya ake yi.

Yanzu a auna alkawari da aiki. Shekara guda bayan Gilasgo, a Nuwamba 2022, aka buɗe haƙar mai a Kolmani, kan iyakarmu da Bauci. Kwal ɗin Maiganga shi ake ƙonawa a masana'antar siminti ta Ashaka. Ban ce a rufe su ba, 'ya'yanmu na cin abinci a can. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ku mazauna Fatakwal da Warri kuka sha gani, wutar gas tana ci a rijiyoyin mai dare da rana. Tun 1979 aka yi doka, aka sa 1984 a kan ranar daina ƙona shi a banza. Shekara arba'in ta wuce, wutar ba ta mutu ba. Gas na ƙonewa a daji a Kudu, uwayenmu a Pantami da Bolari suna hura itace idanu na hawaye. Da aka janye tallafin mai a 2023, Naira ta faɗi, kuɗin gas na girki ya yi sama, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi.

Nan maganar ta iso kanmu. Gawayin da ake saukewa a Agege da Sabo ta Badun, a cikinmu akwai masu lodinsa. Sana'a ce ta halal, ba mai musu. Roƙona ga masu ita, su ƙi sayen gawayin kaɗanya da ɗorawa. Itace ne mai ciyar da gida da man kaɗe da daddawa, kuma kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya.

Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a 2019, da nufin miliyan guda kowace shekara. Madalla. Sai dai dashe a damina ba wuya, wuyar tana ga watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna, awaki kuma ba su da abin ci. Idan wakilanku suka zo neman ƙuri'a, ku tambaye su nawa suka rayu.

Malam Shugaba, kuna da asusun da kuka gina masallaci da ajujuwa da shi. Ina ba da shawara a ware wani abu daga ciki, a kewaye dashen da ke bakin kwarin unguwanninmu, a ɗauki yara biyu su riƙa ban ruwa daga Janairu har ruwa ya sauka. Sakatare ya sa batun cikin abubuwan da za a tattauna bayan la'asar.